Yadda ake amfani da man kirci marar sitiroyid ba tare da an cutu ba

Duk wanda ya daɗe yana fama da kirci, wato ciwon fatar da likitoci ke kira ekzima, ya san cewa maganin da aka fi fara ba mutum shi ne man shafawa mai sinadarin sitiroyid, kuma ya san cewa yana aiki. Sai dai akwai sassan jiki da ba sa jure masa idan aka daɗe ana shafawa. Fatar fuska, da fatar ido, da wuya, da hammata, da matse-matsi duk siraran wurare ne, kuma sitiroyid mai ƙarfi yana iya ƙara sirantar da su, ya fito da ƙananan jijiyoyi fili, ya bar nankarwa, a kusa da ido kuwa yana iya jawo hawan jinin ido ko yanar ido. Wannan ne ya sa likitan fata kan rubuta wa majiyyaci wani man na daban wanda babu sitiroyid a cikinsa, musamman idan kircin yana irin waɗannan wurare, ko kuma yana yawan dawowa har ana buƙatar magani na tsawon lokaci.

Kuskuren da aka fi yi yana farawa ne daga sunan. Da zarar mutum ya ji an ce "babu sitiroyid", sai ya ɗauke shi kamar man shafawa na yau da kullum, wanda za a iya laftawa a ko'ina, a kuma miƙa wa duk wanda ya ce jikinsa na ƙaiƙayi. Ba haka abin yake ba. Waɗannan mayuka magunguna ne sosai, suna taɓa garkuwar jiki a daidai wurin da aka shafa su, kuma kowannensu yana da shekarun da aka yarda a fara amfani da shi, da yawan da za a shafa, da lokacin da ya kamata a dakata.

A fara da sanin wanda ke hannu

Ba iri ɗaya ba ne, don haka abu na farko shi ne a karanta sunan da ke jikin bututun da kuma ƙarfinsa. Mafi daɗewa a cikinsu shi ne takrolimus, wanda ake sayarwa da sunan Protopic. An samo sinadarinsa ne daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa da aka gano a Japan a 1984, aka fara amfani da shi don hana jiki ƙin gaɓar da aka dasa masa, daga baya aka mayar da shi man shafawa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a ƙarshen shekarar 2000. Yana zuwa da ƙarfi biyu: mai kashi 0.03 cikin ɗari, wanda shi ake ba yara daga shekara 2 zuwa 15, da mai kashi 0.1 cikin ɗari, wanda na manya ne. Ɗan'uwansa fimekrolimus, mai suna Elidel, ya biyo baya a 2001. Bai kai takrolimus ƙarfi ba, bai kuma kai shi maiƙo ba, shi ya sa aka fi ba da shi ga kircin da bai tsananta ba. Dukansu biyu suna toshe wani sinadari ne mai suna kalsinurin, wanda wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ke buƙata kafin su tayar da kumburi da ƙaiƙayi.

Sauran sun zo ne daga baya. Kirisaborol, mai suna Eucrisa, an amince da shi a Amurka a 2016, a 2020 kuma aka faɗaɗa izininsa har zuwa jarirai 'yan wata 3. Rukzolitinib, wato Opzelura, ya fito a 2021, kuma shi ne ya fi sauran tsauraran sharuɗɗa. A 2024 aka ƙara roflumilas, mai suna Zoryve, da tafinarof, mai suna Vtama, waɗanda sau ɗaya ake shafa su a rana, alhali na farkon huɗu sau biyu ne. Ƙa'idar shekaru tana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, domin akwai ƙasashen da suka yarda a ba jarirai fimekrolimus, akwai kuma waɗanda suka tsaya a kan shekara 2. Saboda haka takardar da ke cikin kwalin da kuma maganar likitan da ya duba majiyyaci su ne abin bi, ba abin da wani ya ce ya yi wa nasa ɗan ba.

Akwai wata tambaya da ta riga duk waɗannan: shin abin da ke jikin kirci ne kuwa? Mutane da yawa suna kiran ƙyasbi da makero da sunan ekzima, alhali waɗannan biyun naman gwari ne ke kawo su, ƙazuwa kuwa wani ɗan ƙwaro ne da ke shiga ƙarƙashin fata. Man da ke rage ƙarfin garkuwar fata ba ya kashe ko ɗaya daga cikinsu, hasali ma yana iya ba su sarari su bazu, ya kuma sauya musu kama har likita ya sha wahalar gane su daga baya. Haka kuma a fata mai duhu kirci ba lallai ne ya yi ja ba kamar yadda hotunan littattafai ke nunawa. Yakan yi baƙi fiye da sauran jiki, ko toka-toka, ko ya fito da ƙananan ƙuraje masu kaushi a gindin gashi. Ganewar asali aikin wanda ya ga fatar da idonsa ne, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa ba a ba da waɗannan magunguna sai da takardar likita.

Abin da za a faɗa wa likita tun kafin a buɗe bututun

Idan majiyyaciya tana da juna biyu, ko tana shirin samu, ko tana shayarwa, ta faɗa. Idan garkuwar jikin mutum tana da rauni saboda wata cuta ko saboda maganin da yake sha, kamar wanda aka yi wa dashen ƙoda ko wanda ke karɓar maganin cutar kansa, ya faɗa, domin takrolimus da fimekrolimus da rukzolitinib ba su dace da irin wannan hali ba sai da kulawa ta musamman. Haka wanda ya taɓa yin kansar fata, da wanda ake yi wa fatarsa magani da haske a asibiti, da wanda ke yawan samun ƙurajen zazzaɓi a leɓe. Akwai kuma wata cutar fata ta gado mai wuyar samu, ana kiranta ciwon Netherton, wadda ke sa fata ta zuƙe magani da yawa zuwa cikin jini, kuma masu ita ba a ba su takrolimus ko fimekrolimus. Wanda aka rubuta wa rukzolitinib ya ƙara da bayanin ko yana shan taba, ko ya taɓa samun daskarewar jini a jijiya, ko ciwon zuciya, ko tarin fuka.

Shafawar kanta

A wanke hannu, a tabbatar wurin da za a shafa yana da tsabta kuma ya bushe. Idan bayan wanka ne, wankan ya zama da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, na minti 5 zuwa 10, sannan a daddanna tawul a jiki maimakon gogewa. Wannan bushewar tana da muhimmanci, domin takrolimus ya fi yin raɗaɗi idan ya haɗu da fata mai lema.

Yawan da za a shafa shi ne inda aka fi ruɗewa, domin kalmar "kaɗan" da takarda ke faɗa ba ta da ma'auni. Likitocin fata suna amfani da wani awo da aka fitar a Birtaniya a 1991, kuma duk da cewa don man sitiroyid aka fara yin sa, yana taimakawa a nan ma. A miƙe manunin babban mutum, a matso maganin a layi ɗaya daga gaɓar ƙarshe ta yatsan zuwa bakinsa. Idan bakin bututun na daidai ne, mai faɗin milimita 5, wannan ɗan layin ya kai kusan rabin giram, kuma ya isa ya rufe wurin da ya kai faɗin tafin hannun babban mutum biyu, har da yatsu. Idan kircin da ke wuyan yaro bai wuce faɗin tafin hannun mahaifiyarsa ɗaya ba, to rabin layin ya wadatar. Fuska da wuyan babban mutum gaba ɗaya suna cin kamar layi biyu da rabi. Fatar ido kuwa ɗigo ne kawai, wanda za a ɗauka da bakin ƙaramin yatsa a shafa a hankali idon yana rufe.

Wannan awon yana ba mutum damar lissafin da zai bayyana masa gaskiyar yadda yake amfani da maganin. Wanda ke shafa layi ɗaya safe da yamma yana cin giram ɗaya ne a rana, don haka bututu mai giram 30 zai yi masa wata guda. Idan ya ƙare a mako ɗaya, an yi yawa. Idan kuma an shafe wata uku ana cewa ana shafawa kullum amma bututun har yanzu a cike yake, to ba a shafa abin da zai yi aiki ba, kuma a ganina wannan na biyun ya fi yawa a tsakanin iyaye masu tsoron magani. Sai a koma wurin likita a ce magani bai yi ba, alhali ba a ba shi dama ba.

A ɗiga maganin a wurare biyu ko uku a kan tabon, sannan a baza shi da bakin yatsa a hankali, ana bin yadda gashi ya kwanta, har sai ya bar ɗan sheƙi kawai. Ba a murzawa da ƙarfi, domin murza ma susa ce. A tsaya a kan wurin da ke da ciwon, kada a bi lafiyayyar fata da shi. Kada ya shiga ido ko baki ko hanci ko cikin al'aura, idan kuwa ya shiga bisa kuskure, a goge a wanke da ruwa mai yawa. Bayan an gama a sake wanke hannu da sabulu, sai fa idan hannun ne ake yi wa magani. Uwar da ta shafa wa ɗanta ita ma ta wanke nata. Kada a yi wanka ko iyo nan da nan bayan shafawa, don kada ruwa ya tafi da maganin.

Ba a naɗe wurin da bandeji ko leda ko wani abin da ke hana iska shiga, sai idan likita ne ya ce a yi, domin rufewa tana ƙara yawan maganin da ke ratsawa cikin jiki. Tufafi na yau da kullum ba su da laifi. Ƙunzugun jariri mai leda shi ma rufewa ne, don haka a tambaya kafin a shafa a wannan wurin. Mai shayarwa kuma kada ta shafa a kan nono.

Man laushin fata da maganin, wanne ke gaba?

Maganin likita ba ya maye gurbin man da ke riƙe danshin fata. Asalin matsalar mai kirci ita ce fatarsa ba ta riƙe ruwa kamar ta sauran mutane, don haka man da ba shi da ƙamshi, kamar basilin zalla ko wani mai kauri, ana shafa shi a duk jiki, da yawa, kullum, ko da ciwon ya lafa. Maganin shi ne ake yi wa awo, man laushi kuwa ba a yi masa rowa.

Abin da ke buƙatar tsari shi ne tazarar da ke tsakaninsu. Takardar takrolimus ta Turai ta ce kada a shafa man laushi a wuri ɗaya da shi sai an bar sa'a 2 a tsakani. Ta fimekrolimus kuwa ta yarda a shafa man laushi nan take bayan maganin. Hanya mafi sauƙi ga mai takrolimus ita ce ya shafa man laushi da zarar ya fito daga wanka, ya bar maganin sai lokacin kwanciya, da safe kuma ya fara da maganin ya jinkirta man. Abin da bai kamata a yi ba ko kaɗan shi ne matse maganin cikin kwalbar man shafawa a gauraya don ya daɗe. Yin hakan yana tsarma shi ta yadda ba wanda ya san ƙarfin da ya rage, yana kuma kai shi wuraren da ba sa buƙatarsa.

Raɗaɗin kwanakin farko

A nan ne mafi yawan mutane ke ajiye maganin. Takrolimus, da fimekrolimus, da kirisaborol duk suna iya sa zafi ko zogi ko ƙarin ƙaiƙayi a wurin da aka shafa, kuma takrolimus ya fi sauran suna a wannan. Ni kaina daren farko da na shafa shi a gefen wuyana, ban kai ga rufe bututun da kyau ba sai na ji wurin ya ɗau zafi kamar an kara masa garwashi daga nesa. Na tsaya a gaban madubi ina neman kumburi ko ƙuraje, ban ga komai ba, fatar tana nan yadda take. Na zauna a bakin gado da tawul mai sanyi a hannu ina shawarar wankewa, kafin in yanke shawara zafin ya fara sauka. Kwana na biyu ya yi, amma bai kai na farko ba. Kafin mako ya zagayo na daina jin komai, kuma a lokacin ne ƙaiƙayin da ke tashe ni cikin dare ya tafi.

Haka abin yake ga mafi yawan mutane: raɗaɗin ya fi tsanani a kwanakin farko, lokacin da fatar take a farfashe, yana kuma raguwa yayin da take warkewa, galibi cikin mako guda. Wanda aka gaya masa wannan tun farko yakan daure, wanda ba a gaya masa ba kuwa yakan ɗauka maganin bai karɓe shi ba. Akwai dabarun rage shi. A bar fata ta bushe sarai, kada a shafa bayan wanka da ruwan zafi ko ana cikin gumi, kuma ana iya ɗora tsumma mai sanyi a wurin na ɗan lokaci kafin shafawa. Likitoci da dama sukan ce a fara da man sitiroyid na 'yan kwanaki don a kashe wutar kumburin, sannan a koma marar sitiroyid, amma wannan shawara ce da likita zai yanke. Yaro kuma a gaya masa gaskiya cewa zai ɗan yi zafi ya wuce, domin idan aka ce masa ba zafi ya ji zafi, gobe sai an yi kokawa.

Sai dai a bambanta wannan raɗaɗi da ƙin magani na gaske. Idan leɓe ko fuska ko harshe suka kumbura, ko borin jini ya fito a jiki, ko numfashi ya yi wuya, a wanke maganin a nemi asibiti nan take. Idan zafin yana ƙaruwa kullum maimakon raguwa, ko ya wuce mako yana nan, a dakata a tuntuɓi likita. Masu shan barasa su sani cewa takrolimus yana sa fuska ta yi zafi ta yi ja jim kaɗan bayan an sha. Tafinarof kuma an san shi da fito da ƙananan ƙuraje a gindin gashi.

Rana, da wuta

Muddin ana amfani da takrolimus ko fimekrolimus, a rage zama cikin rana, a rufe wurin da tufafi marasa matsewa ko hula mai faɗi, a yi amfani da man kariya daga rana idan likita ya yarda, a kuma guji fitilun gasa fata. Wannan ya shafi mai duhun fata ma, kuma yana da ƙarin amfani a gare shi, domin rana tana ƙara duhun tabon da kirci ke bari.

Batun wuta kuwa ba kasafai ake faɗarsa ba. Mayuka masu maiƙo, har da man takrolimus da man laushin fata, suna shiga cikin tufafi da zanen gado su bushe a ciki, irin wannan ƙyalle kuma yana kama wuta da sauri, wanki ma ba ya fitar da maiƙon gaba ɗaya. Wanda ke shafa mai da yawa ya nisanci taba da kyandir da harshen wutar girki, ya kuma riƙa sauya tufafi da shimfiɗa a kai a kai.

Fatar da ƙwayar cuta ta shiga

Ba a shafa waɗannan magunguna a kan fatar da ta kamu da cuta sai an fara magance cutar. Alamomin ƙwayar bakteriya su ne tsattsafar ruwa, da ɓawo mai launin zuma, da mugunya, da zafi da kumburin da ke yaɗuwa. Wadda ta fi haɗari ita ce ƙwayar da ke kawo ƙurajen zazzaɓi a leɓe, domin idan ta sami fatar mai kirci tana bazuwa cikin gaggawa. Ana gane ta da ƙananan ƙuraje masu ruwa da suka taru wuri ɗaya, waɗanda ke fashewa su bar ramuka masu girma ɗaya kamar an huhhuda fatar, da ciwo maimakon ƙaiƙayi, sau da yawa da zazzaɓi da kasala. Wannan ba abin jira har gobe ba ne, musamman idan yana kusa da ido ko a jikin ƙaramin yaro, kuma maganinsa na sha ne ko na allura. Idan ƙarambau ya kama mai amfani da maganin, ko kaluluwa ta fito a wuya ko hammata ba tare da dalili ba, nan ma a sanar da likita.

Gargaɗin da ke cikin baƙin akwati

Wanda ya buɗe takardar Protopic ko Elidel ta Amurka zai ga gargaɗi a cikin akwati, wato rubutun da aka kewaye da baƙin layi, game da kansar fata da kansar kaluluwa, kuma da yawa a nan suke jefar da bututun. An sa gargaɗin ne a 2006, bisa gwaje-gwajen dabbobi da aka ba magani mai yawa, da abin da aka sani game da masu dashen gaɓa da ke shan takrolimus ta baki, da kuma wasu rahotanni ƙalilan daga masu shafawa. Takardar da kanta ta ce ba a tabbatar cewa maganin ne sanadi ba, bibiyar majiyyata ta shekaru masu yawa da aka yi daga baya ma ba ta tabbatar da hakan ba. Abin da ke ratsa fata ya shiga jini kaɗan ne ƙwarai, yana kuma ƙara raguwa idan fatar ta warke. Ra'ayina shi ne gargaɗin bai kai a ƙi magani a bar yaro yana susa har jini ba, amma ya isa dalilin kiyaye ƙa'ida: a wurin ciwo kawai, da awo, da hutu idan an warke, da komawa wurin likita.

Rukzolitinib shi ma yana da irin wannan akwati, wanda ya gada daga magungunan sha na danginsa, kuma ya ambaci cututtuka masu tsanani, da daskarewar jini, da ciwon zuciya, da cutar kansa. Shi ya sa aka yi masa iyaka a fili. Ba a shafa shi a wurin da ya wuce kashi 20 cikin ɗari na fatar jiki, kuma tun da tafin hannun majiyyaci da yatsunsa kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari, iyakar ita ce faɗin tafinsa ashirin. Babban mutum ba ya wuce giram 60 a mako, ba a kuma haɗa shi da wasu magungunan rage garkuwar jiki.

Yaushe ake tsayawa

Ƙa'idar ita ce a ci gaba har ƙaiƙayi da kaushi da kumburi su tafi, sannan a dakata, a koma man laushi kaɗai, a sake farawa da zarar an ji alamar tasowa. Hannu ya fi ido iya gane warkewa. Idan aka shafa wurin da yatsa aka ji ya yi santsi daidai da fatar da ke kewaye da shi, kuma ba ya ƙaiƙayi, to kircin ya kwanta ko da launin bai dawo ba. Baƙin tabo ko farin tabon da ya rage ba ciwon ba ne, sawunsa ne, yana ɗaukar watanni kafin ya baje, kuma ci gaba da shafa magani a kansa ba ya gaggauta shi. Idan an manta lokaci ɗaya, a shafa da an tuna, amma kada a ninka.

Idan kuma babu sauƙi, akwai wa'adi. Ga takrolimus da fimekrolimus, takardar Amurka ta ce a koma wurin likita idan mako 6 ya wuce ba canji, ga rukzolitinib kuwa mako 8. Ba sai an cika wa'adin ba idan abin ƙara lalacewa yake yi, domin wataƙila ba kirci ba ne tun farko, ko cuta ta shiga, ko akwai wani abin da ke taɓa fatar kullum yana tayar da ita, kamar sabulu mai ƙamshi ko ƙarfen agogo.

Ga wanda kircinsa ke dawowa wuri ɗaya sau huɗu ko fiye a shekara, akwai wani tsari da aka amince da shi a Turai: bayan fatar ta warke, sai a riƙa shafa takrolimus sau ɗaya a rana, kwana biyu a mako, misali Litinin da Alhamis, a wuraren da aka san yana tasowa, don a tare shi kafin ya fito. Idan ya taso duk da haka, a koma sau biyu a rana har ya lafa. Likita ne ke ɗora mutum a kan wannan tsari, kuma ana sake duba shi bayan wata 12.

Bututun a rufe shi da kyau bayan kowace shafawa, a ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 25 ba, nesa da rana da cikin mota da hannun yara, kada kuma a bari ya daskare. A duba ranar ƙarewar aikinsa kafin a ɗauko wanda ya daɗe a ajiye. Ranar komawa asibiti a tafi da bututun ko da ya ƙare, tare da man laushin da ake amfani da shi, da hotunan wurin da aka ɗauka da waya a ranar farko da kuma ƙarshen kowane mako, a wuri ɗaya da haske ɗaya, domin da su likita zai auna ko a ci gaba, ko a rage ƙarfi, ko a sauya magani.